Daga Bakin Tirela Zuwa Ɗakin Sanyi: Yadda Fasalin Gini Ke Ceto Kayan Gwari Ko Ya Hallaka Su

Duk ɗanyen kayan lambu da 'ya'yan itacen da aka tsinko daga gona suna da sauran rai. Suna numfashi, suna ƙona sukarin da ke jikinsu, suna fitar da zafi da ruwa. Abin da ya sauya kawai shi ne an raba su da uwarsu, don haka duk abin da suka ƙona ya tafi ke nan. Masana sun daɗe da auna cewa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin Celsius, saurin wannan numfashi yakan ninka sau biyu zuwa uku. Ganyen latas da zai yi makonni biyu garau a sanyin da ya kusa sifiri, in aka bar shi a zafin rana, kwana ɗaya ko biyu ya ishe shi ya yi yaushi.

Wannan ne ya raba cibiyar rarraba kayan gwari da siton sabulu ko na siminti. Mai sito yana tambaya ne kaya nawa wurin zai ɗauka. Mai tsara cibiyar kayan gwari kuwa, tambayar da ta kamata ya kwana da ita ya tashi da ita ita ce: minti nawa ke tsakanin buɗe bayan mota da isar kaya inda sanyinsa ya dace da shi, kuma minti nawa ke tsakanin fitarsa daga can da rufe bayan wata motar? A ganina, duk wani zanen da bai amsa wannan ba, ko da ya yi kyau a takarda, ginin ruɓar da kaya ne aka zana. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kimanin kashi 14 cikin ɗari na abincin duniya yana salwanta tsakanin girbi da isarsa kantin sayarwa, kuma kayan lambu da na marmari suna cikin waɗanda suka fi shan wannan asara. Ba duka ke faruwa a cibiyoyin birni ba, amma nan ne wurin da ake iya rage wani ɓangare nata da alƙalamin mai zane, tun kafin a kafa tubali.

Manyan biranen duniya sun koyi darasin ne da wahala. Kasuwar Les Halles ta yi ƙarnuka a tsakiyar birnin Paris, har manyan motoci suka yi mata yawa, aka kwashe ta a 1969 zuwa Rungis, inda yanzu take zaune a kan fili mai hekta sama da 230. Landan ta fitar da kasuwar Covent Garden zuwa Nine Elms a 1974. New York ta buɗe ta Hunts Point a unguwar Bronx a 1967, babban birnin Meziko kuma ya buɗe Central de Abasto a 1982 a kan hekta sama da 300. Amma wadda ta fi koyar da mai zane ita ce Tsukiji ta birnin Tokyo, kasuwar kifi da kayan lambu da aka buɗe a 1935. An gina ta ne a lanƙwashe don dogayen jiragen ƙasa su zagayo su tsaya a gefenta a sauke kaya. Tsarin ya yi daidai da zamaninsa. Da jirgin ƙasa ya ja baya, manyan motoci suka karɓi aikin, sai wannan lanƙwasar ta zama alaƙaƙai: ba isasshen wurin juyawa, ba wurin tsayawa, kaya na zube a sarari. A haka aka yi ta lallaɓawa shekara da shekaru har aka koma sabuwar kasuwar Toyosu a 2018, cikin rufaffen gini da ake sarrafa sanyinsa. Gini yakan fi abin hawan da aka gina shi dominsa daɗewa, kuma mai zane ya kamata ya sa wannan a ransa.

Cibiyoyin iri biyu ne. Akwai kasuwar sari, inda ɗaruruwan dillalai ke da rumfuna masu saye na zuwa da kansu, akwai kuma ta kamfani ɗaya da ke tattara kaya yana aika wa shagunansa ko gidajen abinci. Dokokin zafi da tazara duk ɗaya ne a wurinsu. Bambancin shi ne ta farkon tana da siyasa, zan zo kanta.

Shawara ta farko ita ce hanyar da kaya zai bi. Ana iya sa ƙofofin shigowa a gefe ɗaya, na fita a ɗaya gefen, kaya ya ratsa ginin a miƙe. Ana iya sa duka ƙofofin a bango ɗaya, kaya ya shiga ya juyo ya fita ta inda ya shigo, siffar harafin U ke nan. Kowanne da abin da yake saye da abin da yake sayarwa. Miƙaƙƙen tsari ba ya barin sabon kaya ya cakuɗe da mai fita, kuma ya dace da kayan da ba ya kwana, wanda ake saukewa daga babbar mota a rarraba shi nan take zuwa ƙananan motoci. Sai dai yana buƙatar farfajiyar motoci biyu, gaba da baya, kuma a birni fili tsada gare shi. Tsarin U yana cin farfajiya ɗaya, ana iya amfani da ƙofa guda wajen sauke da tsakar dare, a yi lodi da ita da asuba, ma'aikata da injinan ɗaga kaya su yi aiki biyu. Matsalarsa tana fitowa ne a sa'ar da saukewa da lodi suka haɗu, wadda a harkar kayan gwari kusan kullum sai sun haɗu, domin motar nesa ba ta cika zuwa a kan lokaci ba, mai shago kuma ba zai ɗaga lokacin buɗe shagonsa ba. Wasu masana biyu, John Bartholdi da Kevin Gue, sun nuna a 2004 cewa ga ginin da kaya ke ratsawa ba tare da ajiya ba, dogon siririn gini shi ya fi rage tafiya muddin ƙofofinsa ba su wuce kimanin 150 ba. In sun wuce haka, siffar T ko X ta fi, saboda tsawon ya fara yin yawa. Binciken nasu kan kayan dakon motoci ne gaba ɗaya, amma hikimar ta shafi kayan gwari: ƙofofin tsakiya su ne masu daraja, domin su suka fi kusa da kowa, don haka motocin da kayansu ke watsuwa ko'ina su ya kamata a ba su.

Yanzu mu tsaya a dakalin lodi, domin a nan ake cin riba, a nan kuma ake tafka asara.

Ƙarfe uku na dare, tirela mai tsawon mita 13.6 ta ja baya ta manna bayanta da ƙofa. A cikinta akwai falet 33, wato katakon nan da ake jera kwalaye a kai, mai santimita 120 da 80 irin na Turai. Kayan sun yi tafiyar yini guda a digiri 2. Dakalin ya ɗaga kimanin mita 1.2 daga ƙasa don ya yi daidai da cikin motar, injin ɗaga kaya ya shiga ya fito ba tare da hawa ko gangara ba. Idan bakin ƙofar yana da matashin roba da ke rungumar bayan motar, kuma shi kansa dakalin a sanyaye yake, kayan ba za su san an sauya musu wuri ba. Idan kuwa dakalin a buɗe yake, iska mai ɗumi da laima za ta taɓa kaya masu sanyi, nan da nan raɓa ta kwanta a kansu. Cikin rabin sa'a kwalin da ke ƙasa ya jiƙe ya fara lotsawa, nauyin na sama ya sauka a kan 'ya'yan itacen maimakon a kan kwalin. Wannan danshin shi ne gadon da fumfuna ke so. Ba za a ga komai a daren ba. Mai duba kaya zai sa hannu ya ce lafiya lau. Sai bayan kwana uku, a wani shago can, kaya su fara baƙi, a ɗora wa manomi laifi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a matse dakali don a faɗaɗa ɗakunan ajiya, saboda ɗakin ajiya shi ake iya ƙirgawa a nuna wa mai kuɗi. Amma dakalin da bai isa a baje kayan tirela guda a gaban kowace ƙofa ba, a duba su, kuma a bar hanyar wucewa, zai sa ma'aikata su riƙa ajiye kaya duk inda suka samu, su ɗauka su sake ajiyewa. Kowane ɗauka da ajiyewa kuwa bugu ne a jikin kaya. Haka lissafin yawan ƙofofi. A ɗauka, a misali, tirela 24 ke zuwa kullum, kowacce tana riƙe ƙofa na sa'a ɗaya da rabi. Jimilla sa'o'i 36 ke nan. Wanda ya raba da sa'o'i 24 na yini zai ce ƙofa biyu sun wadatar. Amma in duk motocin suna isowa ne cikin sa'o'i uku na dare, kamar yadda aka saba, ƙofa 12 ake buƙata, kuma ba a bar rarar ko ɗaya ba don motar da ta makara ko ƙofar da ta lalace. Cibiyar kayan gwari ana ɗinka ta ne daidai da sa'ar da ta fi cunkoso a lokacin da kaya suka fi yawa a shekara. Idan wuri ya gaza, sai tirela ta koma ɗakin ajiya. An ga haka a Hunts Point, inda ɗaruruwan tireloli masu sanyi suka daɗe a tsaye injinansu na cin dizal dare da rana, maƙwabta na shaƙar hayaƙin, don ginin 1967 bai iya ɗaukar kayan yau ba.

A waje ma akwai aiki. Tirela tana son farfajiya mai zurfin mita 35 zuwa 40 kafin ta juya ta ja baya cikin sauƙi. Ƙananan motocin da ke shiga lungunan birni kuma ba su kai tsayin dakalin tirela ba, suna son nasu mai ƙasa-ƙasa, da tasu hanyar. A haɗa su a farfajiya ɗaya, direban tirela ba ya ganin abin da ke bayansa, sai a yi ta jira, ko a yi abin da ya fi jira muni.

Daga dakali sai ɗakuna, kuma a nan ne mai zanen da bai san halin kayan ba yake faɗawa rami. Sanyi ba ɗaya ba ne. Masana ajiyar amfanin gona sukan ba da shawarar aƙalla ɗakuna uku. Na farko digiri 0 zuwa 2, da laima mai yawa, na ganyayyaki da kabeji da karas da tuffa da inabi. Na biyu digiri 7 zuwa 10, na irin su kokwamba da tattasai da wasu lemuka. Na uku digiri 13 zuwa 18, na ayaba da tumatirin da bai gama nuna ba da kankana. Ayaba in ta sha sanyin da ya gaza digiri 13, ɓawonta yakan yi toka-toka, ba za ta ƙara nuna da kyau ba. Tumatir a sanyin ganye yakan rasa ɗanɗano ya yi ruwa. Albasa da tafarnuwa kuma suna son bushewa, laimar da ba ta wuce kashi 65 zuwa 70 ba, alhali ganye yana son sama da kashi 90, ga warinsu da ke kama kayan da ke kusa.

Ko an raba ta fuskar sanyi, tsugune ba ta ƙare ba. Akwai wata iska da ake kira etilin, wadda wasu 'ya'yan itace ke fitarwa yayin nuna, ba a ganinta, kuma ɗan kaɗan ɗinta ya isa ya yi ɓarna. Tuffa da latas sanyinsu ɗaya, amma tuffa na fitar da etilin da yawa, latas kuma in ya shaƙe ta sai ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa su feso a jijiyoyinsa. Karas yakan yi ɗaci, kokwamba ta koma rawaya. Don haka ɗakin farko ma yana son a tsaga shi biyu, ko a ba shi hanyar sauya iska mai ƙarfi. Injin ɗaga kaya mai amfani da gas shi ma yana fitar da etilin a hayaƙinsa, abin da ya sa masu lura suke amfani da na lantarki a ciki, wanda kuma ke nufin sai an ware masa wurin caji a zanen. Ɗakunan nunar da ayaba, inda ake sakin wannan iska da gangan na yini guda a bar ayaba ta nuna cikin kwana huɗu zuwa bakwai, ya kamata su kasance a gefe, bututun fitar da iskarsu yana kallon nesa da inda sauran ɗakuna ke shaƙo tasu.

Wani injiniya Ba'amurke, Richard Muther, ya fitar da wata hanyar tsara wurin aiki a 1961 wadda har yau ake amfani da ita. Ana jera sassan ginin, a ba kowane biyu harafi gwargwadon yadda suke buƙatar kusanci: A ga waɗanda dole su yi maƙwabtaka, a sauko har zuwa U ga waɗanda ba ruwan juna, sai X ga waɗanda bai kamata su kusanci juna ba. A masana'antu da yawa, harafin A ne ke jan zanen. A kayan gwari ni ina ganin daga X ya kamata a fara: ɗakin nunarwa da ganye, juji da wurin tsince kaya, ɗakin injinan sanyi masu fitar da zafi da ƙofar da ake yawan buɗewa. Bayan nan lissafi ya shigo. Tun 1957 wasu masana tattalin arziki biyu, Koopmans da Beckmann, suka rubuta matsalar sanya sassa a gurabe da harshen lissafi, kuma tana da wuyar gaske: sassa 10 ana iya jera su ta hanyoyi 3,628,800, sassa 20 kuwa hanyoyin sun haura biliyan biyu sau biliyan. Shi ya sa ake sa kwamfuta ta laluba ta kawo tsari mai kyau, sannan a kwaikwayi daren aiki a cikinta a ga inda layi zai taru. Kayan aiki ne masu amfani, amma abin da aka ce su rage shi suke ragewa. A ce su rage mita kawai, za su kwantar da tuffa kusa da latas hankali kwance, don duka biyun ana yawan nemansu. Sai an saka musu farashin minti ɗaya a wajen sanyi, kuma an nuna musu cewa mintin latas ya fi na dankalin turawa tsada nesa ba kusa ba.

Cikin ɗakin, abin da ke cin lokaci shi ne tafiya. Littattafan wannan fanni sun ƙiyasta cewa kusan rabin lokacin mai haɗa odar kaya a tafiya yake ƙarewa. Maganin da kowa ya sani shi ne a kawo 'yan kayan da aka fi nema kusa da ƙofa. Gaskiya ne, amma in aka cusa su duka a layi ɗaya, ma'aikata goma za su taru a wuri guda suna jiran juna, an gudu daga gara an faɗa gidan zago. Gara a watsa su a bakin layuka daban-daban. Sannan hanyar mai haɗa kaya ita ce ke gina falet ɗinsa: abin da ya fara ɗauka shi ke ƙasa. Don haka masu nauyi da tauri su ne a farkon hanya, masu taushi a ƙarshe, ko da hakan ya ƙara 'yan taku. Kuma wanda zai riga lalacewa shi ya kamata ya riga fita, ko da ba shi ya riga shigowa ba. Kantar da ake loda ta ta baya a ɗauka ta gaba tana taimakawa, amma layin da ke ƙarewa a jikin bango gayyata ce ga mantuwa, abin da ke can ƙurya sai wari ya tona shi. Ga kuma kaka: abin da ke kan gaba a wannan wata, wata uku masu zuwa ba a ganinsa, don haka rabon gurabe ba aikin sau ɗaya ba ne.

Wani fili da ake ɗauka asara ne alhali shi ke aiki shi ne ratar iska. Falet da aka manna da bango ko aka jera har bakin fanka yana toshe zagayawar sanyi, tsakiyarsa ta ci gaba da ɗumi da zafin numfashin kayan. Ɗakin ajiya kuma an yi shi ne don riƙe sanyin kayan da suka zo a sanyaye. Kayan da suka zo da zafin gona suna son wurinsu dabam kusa da ƙofar shigowa, inda ake jan iska mai sanyi ta ratsa cikin kwalayen da ƙarfi, in ba haka ba za su ɗumama na tare da su.

Akwai kuma abubuwan da ke tafiya a baibai, waɗanda zane kan manta da su: ruɓaɓɓen kaya, kwalaye, akwatunan roba da suka dawo fanko suna jiran wanki, da ruwan wanke ƙasa. Kowanne yana son hanyarsa da ƙofarsa, kada ya ratsa ta inda kaya masu tsabta ke bi. A kasuwar sari sai a ƙara mutane, masu saye da 'yan dako suna tafiya a ƙasa inda injina ke kai da komo. Tsarin da ya fi aminci shi ne rumfa mai fuska biyu: gabanta na kallon layin masu saye, bayanta na kallon dakalin motoci.

To, ga siyasar. A kasuwar dillalai da yawa, rumfar da ke bakin ƙofa kuɗi ce, kuma wanda ya gaje ta ba zai bar ta don kwamfuta ta ce ba. Tara masu kaya iri ɗaya a sashe ɗaya yana sauƙaƙa sanyi, yana ba mai saye damar kwatanta farashi, amma yana tsananta gasa, kuma ba kowane dillali ke maraba da haka ba. Komawar Tsukiji ta sha jinkiri na shekaru, da taƙaddama kan gurɓatar ƙasar sabon wurin da kuma turjiyar 'yan kasuwa. Hanyar da ke rage rigima ita ce a yi ƙofofin masu saye fiye da ɗaya don kada daraja ta taru a kusurwa guda, a kuma zauna da dillalai da direbobi da masu dako tun zanen yana fensir, domin su suka san sa'ar da wuri ke cushewa da dalilin cushewar.

Tsadar fili tana tura wasu birane su gina sama, kamar yadda aka yi a Toyosu. Hawa yana ceton fili, amma yana mayar da lif da gangaren motoci su zama maƙogwaron da komai ke bi, in ɗaya ya tsaya bene guda ya tsaya. Fita bayan gari kuma yana ba da sarari, amma yana tsawaita tafiyar ɗaruruwan ƙananan motoci kowace safiya. Yanzu ga odar intanet ta kawo ƙananan ƙunshi masu yawa, waɗanda ke son teburan haɗa kaya da ƙofofin ƙananan motoci fiye da yadda aka tanada a gine-ginen da.

Tunda ba wanda ya san irin motar ko irin odar da za a yi nan da shekara talatin, abin yi shi ne a bambance abin da ke motsuwa da wanda ba ya motsuwa. Bangon ɗakin sanyi na allunan da ake harhaɗawa ne, ana iya kwance shi a matsar. Kantar jera kaya ana iya sauya mata wuri cikin 'yan kwanaki. Amma tazarar ginshiƙai, tsayin rufi, tsayin dakali, gangaren daɓe da magudanan ruwa, da zurfin farfajiya, in an zuba kankare an gama. A waɗannan ake barin rara, a kuma bar bangon da za a iya huda sababbin ƙofofi a jikinsa. Kafin a ja layin farko kuma, a samo ƙananan na'urorin da ke rubuta zafi minti bayan minti, a cusa su cikin kwalaye a tsohon wurin, a bi su daga bakin tirela har zuwa motar fita, a lokacin yawan kaya da lokacin ƙarancinsa. Duk inda zanen zafin ya yi tsalle sama, a je wurin da ƙafa a wannan sa'ar a ga me ya tsayar da kayan.